Saƙon da Aka Ba Kawu Ɗalhatu

Wusasa, Zariya
12 ga Maris, 2018

Ƙanena Jonah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Mama da sauƙi, ƙafar ce kawai ke damunta in ta daɗe a tsaye, amma ka san ba mai hana ta zuwa zumuntar mata a coci ko da rarrafe ne. Baban yara da yaran duk suna gaishe ka.

Tunda ka ce kiran WhatsApp ba ya shiga ƙasarku, saƙon waya kuma sai na kwana uku ina jira sannan ka jefo mini “lafiya lau Yaya,” na koma wa biro da takarda. Kawu Ɗalhatu zai taso jibi sarin kayan shagonsa, shi zai miƙa maka wannan hannu da hannu. In ka isa ka ce wa ƙanen mahaifiyarka ba ka da lokacin amsawa.

To, mun gan ka. Muhsinat ɗin Kawu ce ta faɗo mana gida da waya a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba, wai mu zo mu ga Yaya Jonah, mutum dubu ɗari huɗu sun kalle shi. Sai ga ka da wando a yage a gwiwa, suma kamar ba ta taɓa ganin mataji ba, kana dukan gita kana ihu da Hausa, Turawa da Larabawa suna tsalle. Mama ta dafe ƙirji ta ce, “Wa ya ɓata masa rai?” Muka ce waƙa ce, rok ake ce mata. Ta sa aka maimaita mata har sau uku, sannan ta ce ko a cikin ihun nan tana jin muryar yaron da ya yi shekara tara yana waƙa a coci. Wai yanzu Tsawa ake ce maka? Kai da in hadari ya taso kake shigewa ƙarƙashin gadona.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Ka rame, idanunka sun faɗa. Mama ba ta lura ba don idonta, ni kuwa na lura. Ba sa ba ka abinci ne, ko shahara ce ke ƙosar da kai?

Na haɗa maka kuka da daddawa da yaji, da kilishin da kake so. Kawu ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba. Ka san shi, shekara ashirin yana ɗaukar saƙon mutanen unguwa, Musulmi da Kirista, bai taɓa kwance ƙullin wani ba. Ya ce wanda ya buɗe amana ai ya ce wa mai ita ɓarawo ke nan.

Ka riƙa zuwa sujada ko da sau ɗaya a wata ne.

Yayarka,
Rosaline

Satwa, Dubai
21 ga Maris, 2018

Yaya Rosaline,

Na amsa gaisuwa, na gode. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe mini da Mama, ki ce ba wanda ya ɓata mini rai, haka kiɗan yake. Ki gaishe da baban yara da ’yan rigimarki.

Kawu ya iso lafiya. Na kai shi unguwar Karama ya ci shinkafar biryani, muna fitowa wasu samari ’yan Filifin suka tare mu suna “Tsawa! Tsawa!” suna neman hoto. Kawu ya gyara zaman hularsa ya shiga tsakiya, sai ki ce shi suka sani. Ya ce in tura masa hoton ya nuna a kasuwa.

Yaya, abin ya wuce yadda kike tsammani. Kwana huɗu a mako muke wasa a wani otal, ni da Promise mai ganga, ɗan Kagoro, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, da wasu biyu. Yanzu an gayyace mu babban taron kiɗa ranar goma ga Agusta, zauren da ke cin mutum dubu biyar. Ni da na zo ƙasar nan ina lodin kwali! In wannan ya yi kyau, khalas, shi ke nan, kin gama ganin ƙanenki a ɗakin haya na mutum shida.

Maganar rama kuma, kin yi gaskiya, amma kada ki ɗaga hankalin Mama. Kin tuna shekara biyun da na yi a sito a Al Quoz? Tun lokacin bayana bai koma daidai ba. In na yi awa uku a tsaye da gita a wuya, washegari ko takalmi ba na iya sunkuyawa in ɗaura. Ciwon ne ke hana ni ci. Akwai maganin da ke yi mini, Tiramol, amma a nan samunsa sai ka bi layin likita wata guda. A gida kuwa ko kemis ɗin bakin titi akwai shi.

Kawu ya ce zai dawo a Yuli sayen kayan ɗakin Muhsinat. Ki samo mini na wata shida, mai ƙarfin. Ki ɓare su daga kwalinsu ki tura cikin garin kuka, don zafin ƙasar nan na lalata magani in ba a rufe shi ba. Kada ki gaya wa Kawu, kin san shi, zai kwana yana tunanin ba ni da lafiya har maganar ta kai kunnen Mama. Kada kuma ki rubuta sunana a jikin ƙullin ko ki haɗa da wasiƙa, kayan da ke da suna daban su ake jinkirtawa a filin jirgi. Ai Kawu ya san nawa.

Sujada ina zuwa, shwaiya shwaiya, kaɗan-kaɗan in ji Larabawa.

Ƙanenki,
Jonah

Wusasa
3 ga Yuli, 2018

Jonah,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, masarar bayan gida har ta kai ƙugu.

Yadda ka ce, ban haɗa da takarda ba, hoton wannan zan ɗauka in turo maka ta waya. Kawu ya tashi yau da safe ta Kano. Maganinka yana cikin kukar, na ɗinke bakin ledar da zare da hannuna. Kemis uku na zaga kafin in haɗa. Na ƙarshen ya tsaya yana kallona, ya ce, “Malama, duk wannan na mutum ɗaya ne?” Na ce masa ƙanena ne ya ji ciwo a wajen neman halali, in ba zai sayar ba ya faɗa. Har da ɗaga murya.

Na ji daɗi da ka yi tunanin Mama da Kawu haka. Ashe ka girma.

An sa bikin Muhsinat mako biyu bayan Babbar Salla. Ta ba babanta jerin kaya ya fi tsawon hannuna, ka taimaka masa da zagayen kasuwa, kada ya sayo mata labule kalar ɗorawa. Ka tuna masa da allurarsa ta suga, yana mantawa in ya shiga ciniki.

Allah ya ba ka sauƙi.

Rosaline

Wusasa
8 ga Yuli, 2018

Jonah,

Lafiya kuwa? Kwana biyar ke nan ba wanda ya ji muryar Kawu. Wayarsa a kashe, taka ma a kashe. Na ga alamar ka buɗe takardata ta baya, amma ba ka ce komai ba. Matar Kawu ta zo nan sau biyu. Na ce mata wataƙila layi ne, kuna can kuna yawon kasuwa.

In haɗari ne ka faɗa mini, zan san yadda zan gaya musu. Ka yi magana don Allah.

Rosaline

Wusasa
15 ga Yuli, 2018

Jonah,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na gan ka jiya a waya kana tsalle a kan dandali. Mu nan ba lafiya.

Alhaji Sabo, abokin kasuwancin Kawu da suka hau jirgi ɗaya, ya dawo shekaranjiya. A gabansa aka tsayar da Kawu a filin jirgi. Aka tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa da kansa, ya ce shi ne, kamar yadda duk mai ɗaukar saƙo yake cewa. Aka farke ledar kuka a kan tebur. Alhaji Sabo ya ce ƙwayoyin suka riƙa gangarowa ƙasa, Kawu ya sunkuya yana taya su tsincewa, don bai ma san mene ne ba. Shi ne ya gaya mana cewa maganin nan a ƙasarku ba magani ba ne in ba takardar likita, ƙwaya ce, kuma mai yawa haka safara ake ɗaukarsa.

Na koma ɗaki na ɗauko wasiƙarka ta watan Maris. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Ni malamar makaranta ce, Jonah, aikina ke nan in koya wa yara su gane abin da aka rubuta. Ka ce in tura cikin kuka saboda zafi, na yarda. Ka ce kada in gaya wa Kawu, na ce yaron nan akwai tausayi. Ka ce kada in sa sunanka, ban ma tsaya na yi tunani ba. Har yaba maka na yi da ka girma. Duk lokacin da na tuna yadda na daka wa mai kemis ɗin nan tsawa, sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Ka sani tun farko. Ka zauna ka tsara yadda in abin ya ɓaci ba zai biyo ka ba. Mutumin da ya ɗauki gawar Baba a motarsa ranar da ba mu da kowa, shi ka zaɓa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Unguwa ta rabu biyu, wasu na cewa sharri aka yi masa, wasu na cewa dama yawan zuwa Dubai ɗin nan ba banza ba. Jiya a bakin famfo na ji wata tana cewa ashe da ƙwaya ya gina shagon. Ina tsaye da bokitina, ban buɗe baki ba.

Ka amsa mini. Mene ne gaskiyar abin da ke damunka?

Rosaline

Satwa
24 ga Yuli, 2018

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fata Mama tana lafiya. Ni ba ni da lafiya, wannan karon gaskiya nake faɗa.

Ciwon baya ya yi shekara da warkewa. A sito wani abokin aiki ya fara ba ni rabin ƙwaya don in iya ƙarasa lodi. Da na bar sito na ce na bar ta. Sai ranar da aka fara sa ni gaban mutane, tsoro ya hana ni fita. Na sha ɗaya, na fita, na ji kamar ni na gina otal ɗin. Tun daga ranar ban taɓa hawa dandali ba tare da ita ba. Wannan Tsawa da kuka gani a waya, Yaya, ban san ko zai iya waƙa da cikinsa wayam ba, ban taɓa gwadawa ba. Da ɗaya na fara, yanzu sai na sha takwas kafin in ji ni mutum ne. In babu, gumi, amai, ƙasusuwana kamar ana sara. Promise ya sha wanke ɗaki a bayana. Wanda yake kawo mini a nan an kama shi a Fabrairu, shi ya sa na juyo kanki.

Akwai abin da ya fi wannan muni, gara ki ji daga bakina. Na je filin jirgi ranar da Kawu ya sauka. Ba don in taya shi ɗaukar kaya ba, don kukar na je. Na tsaya a bakin ƙofar fitowa, na ga Alhaji Sabo ya fito shi kaɗai yana waige-waige, fuskarsa a rikice. Nan take na gane. Na ja hula na rufe fuska don kada ya gan ni, na juya na hau jirgin ƙasa na dawo ɗaki na kashe waya. Abin da ya fara zuwa raina a hanya ba Kawu ba ne. Cewa na yi, to yanzu ina zan samu? Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Promise.

Na san abin da ya kamata in yi. Amma ki duba, Yaya. In na je yanzu, ɗauri ne, sannan su kore ni, ba zan sake taka ƙasar nan ba. Taron goma ga Agusta saura kwana goma sha bakwai. An buga hotona a jikin motoci. Ba ni kaɗai ba ne, Promise da sauran sun shekara uku suna jiran rana irin wannan. Ki bar ni in yi wannan ɗaya kawai. Daga nan zan sami manyan mutane da za su iya sa baki, zan ɗauki lauyan da ya fi wanda yake da shi. Kawu dattijo ne, ba shi da tarihin laifi, inshallah ba za su matsa masa ba.

Na sake karanta abin da na rubuta yanzu, na ji ƙyamar kaina. Amma ban goge ba, don haka zuciyata take.

Kada ki gaya wa Mama.

Jonah

Wusasa
29 ga Yuli, 2018

Jonah,

Mama tana nan, tana azumi da addu’a saboda ƙanenta. Ba ta san wanda take roƙon Allah ya tona wa asiri ba.

Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, ba zan ɓoye ba. Ni na goya ka. Da ka gaya mini tun bara, da na sayar da abin da zan sayar na zo na ɗauko ka. Amma kukan bai hana ni ganin kwana goma sha bakwai da kake nema ba. Kwanakin wa kake rabawa? Naka ne?

Ga labarin da ba ka tambaya ba. Lauyan da ’yan kasuwa suka ɗaukar wa Kawu ya yi magana da Alhaji Sabo. Sau huɗu ana tambayar Kawu wa ya ba shi ledar, wa zai kai wa. Ya ce kayansa ne. Lauya ya ce masa, Alhaji, faɗin suna ɗaya zai fitar da kai. Ya ce shi ba a ba shi saƙo don ya ba da sunan mai shi ba. Ya san ledata ce, Jonah, ya ga ɗinkina. Ya san kuma wanda ke cin miyar kuka a Satwa. Sugansa ya hau, ƙafarsa ta hagu ta kumbura, akwai gyambo a yatsa.

An ɗaga bikin Muhsinat. Jiya ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce in yi maka godiya, ta san kana can kana ta faɗi-tashi a kan maganar babanta, shi ya sa ba ka samun amsa waya. Har ta kawo dambun nama a ba wani ya kai maka. Na karɓa. Da hannun nan nawa na karɓa na ce za a kai.

Wasiƙarka ta Maris tana cikin Littafina Mai Tsarki. Lambar lauyan tana wayata. Na ba ka zuwa ranar Lahadi, biyar ga Agusta. Ka je da ƙafarka ka faɗa da bakinka, don wata rana ka iya ɗaga ido ka dubi mutane. In Litinin ta yi ba ka je ba, zan tura masa hoton wasiƙar, da bayanin cewa ni na saya, ni na ɗinke. Abin da zai same ni ya same ni.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Kada ka sa ni in yi wannan.

Yayarka

Gidan yari, Dubai
2 ga Nuwamba, 2018

Yaya Rosaline,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Faston da ke zuwa duba mu ne zai fitar da wannan, Promise ya turo miki hotonta. Jikina da sauƙi yanzu. Makonni ukun farko ba na so in tuna su, na yi ta ihu ina kiran Mama, wani tsoho ɗan Pakistan yana danne ni yana ba ni ruwa. Yau kwana tamanin da biyar ban sha komai ba. Ba ƙoƙarina ba ne, babu ce.

Na ji Promise yana gaya wa mutane wai ni na kai kaina. Yana so ya rufa mini asiri ne. Ki gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ƙarya ne. Ban je ba.

Na yi niyya. Ranar Lahadin da kika sa na yi wanka na tafi har ƙofar ofishin ’yan sanda. Ina tsaye ina tattara ƙarfin shiga, sai wata yarinya da saurayinta suka ce, “Tsawa? Habibi, hoto ɗaya!” Na yi murmushi, na ɗaga yatsu biyu, suka ɗauka. Suka ce sun sayi tikitin ranar Juma’a. Da suka wuce sai na bi bayansu na tafi. A raina na ce Yaya ba za ta iya ba, tsoratar da ni take yi. Da wannan na kwanta.

Ranar Alhamis muna gwajin kiɗa a zauren ’yan sanda suka zo. Ban yi gardama ba. Na ajiye gitar a ƙasa, Promise ya ƙi kallona.

Sau ɗaya na ga Kawu, a ofishin mai gabatar da ƙara. Aka shigo da shi a keken marasa lafiya, ƙafarsa a naɗe, ba hula. Ban taɓa ganin kan Kawu ba hula ba, Yaya, ashe duk furfura ce. Aka nuna ni aka ce masa, ka san wannan? Ga wasiƙata a kan tebur, an fassara ta, ga bayaninki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ban san yaron nan ba.” Mutumin da ba ya ƙarya ko a ciniki. Tafinta ya sake tambaya, ya sake cewa bai san ni ba.

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, bai san abin da ke cikin ledar ba, yayata ma ruɗinta na yi, ni na tsara komai. Kawu ya juyo ya ce mini da Hausa, “Rufe mini baki, shashasha.” Ban rufe ba. Wannan kaɗai na yi daidai a cikin shekarar nan, shi ma sai da aka kawo ni da ankwa.

An yanke mini shekara biyar, sannan a mayar da ni gida. An wanke Kawu, an ce zai taho cikin watan nan.

Ban riƙe ki a zuciya ba ko kaɗan. Na haɗa da wata takarda daban ta Kawu. Sau shida ina yagawa. In ya huta ki karanta masa, don ban san ko zan taɓa iya tsayawa gabansa ba.

Jonah

Wusasa
6 ga Janairu, 2019

Jonah,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Mun shiga sabuwar shekara lafiya. Na daɗe ban amsa ba, don duk lokacin da na ɗauki biro sai in rasa wanda zan rubuta wa, ƙanena ko wancan Tsawa ɗin.

Kawu ya dawo ashirin ga Nuwamba. An yanke masa yatsu biyu a ƙafar hagu, da sanda yake tafiya. Ya bar wa yaransa shagon, ya ce shi da jirgi sun yi sallama. An ɗaura auren Muhsinat bayan Kirsimeti, ba taro sosai. Na je na yi wanke-wanke a bayan gida daga safe har la’asar, ban shiga cikin mata ba. Muhsinat ta gaishe ni a tsaye, da baki kawai. Ban ga laifinta ba.

Mama ta sani. Ni na gaya mata tun ranar da na tura wasiƙar. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Ta daina zama a layin gaba a coci. Da Kawu ya dawo ta tafi gidansa za ta durƙusa masa, yayarsa guda, ya ce in gwiwarta ta taɓa ƙasa zai bar mata garin.

Ni ce ma na sha faɗa. Ya ce wa ya aike ni? Wai shi tsoho ne, ya ci zamaninsa, da na bar shi ya ƙarasa abin da ya fara, yaro yana da sauran rayuwa. Na ce Kawu, da ka mutu a can fa? Ya ce da an binne shi, ai can ma ƙasar Allah ce. Na ɗauka in na fitar da shi zan ji sauƙi, ga shi kullum in na ga sandar nan sai in sauya hanya.

Jiya na kai masa takardarka. Yana zaune a zaure a kan tabarma, ya miƙe ƙafar. Na fara karantawa, “Kawu, ban cancanci in kira ka Kawu ba,” sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce in ninke ta in ajiye, ba ya so. Na ce Kawu, haƙuri yake ba ka. Ya ce ya ji. Na ɗauka ya sallame ni, na fara neman takalmina.

Sai ya ce, “In za ki rubuta masa, ki tambaye shi ko suna ba shi bargo. Na’urar sanyin wurin nan ba a kashe ta, dare da rana. In ɗaya suka ba shi ya nemi na biyu, ana bayarwa in mutum ya roƙa. Shi ba zai sani ba, ni sai da na yi wata biyu kafin in gane.”

Ni ban yafe maka ba tukuna, Jonah, ban kuma yafe wa kaina ba. Amma ya ce in tambaye ka, ga shi na tambaya. Ka amsa masa.

Yayarka,
Rosaline